ZARTON YANKAN DUTSE: WANNE YA KAMATA A SAYA?

A Amurka da Ingila da Ostireliya akwai mutane da yawa waɗanda ba su da abin sha'awa kamar tsintar duwatsu. Wani malamin makaranta ne, wani akawu, wani manomi, wani kuwa tsoho ne da ya bar aiki yana cin fansho. Ran da babu aiki sai su rataya jaka, su ɗauki 'yar guduma, su bi bakin rafi da gindin tsauni suna dube-dube. In sun komo gida sai su yanka dutsen da suka tsinto, su goge shi har ya yi sheƙi. Waɗansu su yi ƙwayar zobe da shi ko abin wuya, waɗansu kuwa su jera a kan kanta su riƙa kallo kawai. Ba neman abinci suke yi da shi ba. Ɗebe kewa ne, kamar yadda wani a nan yakan yi kiwon tattabaru. A Amurka har jam'iyyu gare su, kuma a cikin 1947 jam'iyyun nan suka haɗu suka yi ƙungiya guda ta ƙasa duka.

Me suke nema a cikin dutse? Akwai wani iri, in ka gan shi a ƙasa ba za ka ko duƙa ba, sai ka ce busasshiyar doya. Amma in aka raba shi biyu, sai a tarar cikinsa kogo ne, cike da 'yan tsinaye masu ƙyalli. Wani kuma zane gare shi, fari da ja da ruwan ƙasa, layi bisa layi. Wannan na biyu mun san shi, don shi ne dutsen da ake yin tsakiya da shi, wanda Larabawa ke kira aƙiƙ.

To, guduma ba ta nuna wannan kyau. Farfasa dutsen takan yi, ya tarwatse. Sai da zarto. A nan ne mai koyo yakan yi hasarar kuɗinsa, don zarton iri-iri ne, wani kuɗinsa bai fi na keke ba, wani kuwa ya fi na babur.

Zarto marar haƙora

Kafin ka sayi abu, ka san yadda yake aiki. Zarton kafinta haƙora gare shi, suna yagar katako don ƙarfe ya fi itace tauri. In ka ɗora shi bisa ƙanƙara, watau farin dutsen nan da ake ƙyasta wuta da shi, haƙoran ne za su cinye, dutsen kuwa ko a jikinsa.

A cikin 1812 wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya jera duwatsu bisa ga taurinsu, daga lamba 1 zuwa 10. Kowane dutse yana iya karce na ƙasa da shi, ba ya iya karce na sama da shi. Dutsen da ake niƙawa a yi hodar shafawa shi ne lamba 1. Farin dutsen da ake yin siminti da shi, irin na Kalambaina a Sakkwato, wajen lamba 3 yake. Ƙanƙara 7 ce, dutsen tsakiya ma kusan haka. Yaƙutu 9 ne. Daimon, wanda waɗansu ke kira lu'ulu'u, shi ne 10, babu dutsen da ya kai shi. Farcenka yana wajen 2 da rabi, wuƙar aljihu kuwa wajen 5 da rabi. Ka ga ke nan wuƙa ba ta kai ƙanƙara ba, balle ta yanka ta.

Yaya mutanen da suka yi? Mutanen Masar na zamanin Fir'auna sun yanka dutse mai tauri irin na Kufena ta Zariya, da zarton jan ƙarfe wanda ba shi da haƙori ko ɗaya. Rairayi suke zubawa a bakin yankan, su yi ta ja da turawa. Jan ƙarfen yana jan rairayin ne kawai, rairayin ke cin dutsen kaɗan kaɗan. Mutanen Sin ma haka suka riƙa yi wa koren dutsensu mai daraja. Har yanzu dabarar ke nan, sai dai an sami abin da ya fi rairayi ci.

A cikin 1891 wani Ba'amurke, Edward Acheson, ya gano yadda ake haɗa wani gari mai tauri ƙwarai da zafin lantarki. Shi ne baƙin yashin nan da ke jikin takardar goge ƙarfe da dutsen washi na kanti. Masu yankan dutse suka riƙa dama shi da ruwa kamar kunu, faifan ƙarfe yana juyawa a ciki yana ɗaukowa. Aikin yana da ƙazanta, ga jinkiri. Sa'an nan a watan Disamba na 1954 ma'aikatan kamfanin General Electric a Amurka suka ƙera daimon a cikin inji. Ba irin na ado ba ne, gari ne kamar gishiri, amma taurinsa ɗaya da na haƙowa. Da aka riƙa yinsa da yawa sai ya yi araha, har talaka ya iya sayen faifai mai daimon.

Watau zarton dutse na yanzu faifan ƙarfe ne, an dasa garin daimon a kewayen bakinsa, inji yana juya shi. Ba yanka yake yi kamar wuƙa ba, gugar dutsen yake yi. Guga kuwa tana kawo zafi da ƙura. Saboda haka lalle ne faifan ya riƙa tsoma baki cikin ruwa ko mai, don ya huce, ya kuma wanke garin da ya ci. Duk injin da aka kawo maka wanda ba shi da wurin ruwa, ba na wannan aiki ba ne.

Girman dutsenka shi zai faɗa maka

Masu wannan sha'awa suna da wani lissafi mai sauƙi. Faifai yakan yanka dutsen da kaurinsa ya kai wajen sulusin faɗin faifan. Dalili kuwa, rabin faifan yana ƙasa da sandar da ke juya shi, sa'an nan ƙarfen da ke matse shi a tsakiya ya ci wani wuri. Faifai mai inci 6 zai yanka dutse mai kaurin inci 2, kamar ƙwan kaza. Mai inci 10 zai yanka kamar lemon zaƙi. In dutsenka ya kai kabewa, sai faifai mai inci 24, wannan kuwa inji ne da mutum ɗaya ba ya iya ɗauka.

To, ka zube duwatsun da ka tara bisa tabarma ka duba. Za ka ga yawancinsu ba su wuce ƙwai ba. Don me za ka ci bashi saboda dutse guda babba?

Babban injin, wanda ake yanka dutse falle-falle da shi kamar burodi, yana da murfi, da abin da ke damƙe dutsen yana tura shi a hankali da kansa. Mai ake zuba masa, galan-galan. Na masu sana'a ne da na jam'iyya. Mai koyo ya bar shi tukuna.

Akwai ƙaramin zarto wanda aka ƙera musamman don wannan aiki, yawanci mai faifan inci 6, wani har 10. Da hannu ake tura dutsen bisa ɗan tebur. Faifansa siriri ne, ba ya cin dutse da yawa, kuma yankansa sumul. Abu ne mai kyau, amma yana da tsada, kuma ba a cika samunsa a kasuwanninmu ba sai an yi oda daga waje.

Sai na uku, wanda ba don masu tsintar dutse aka yi shi ba. Shi ne injin da magina ke yanka tayil da shi, mai ɗan tebur da kaskon ruwa a ƙasa, faifansa inci 7. Sau da yawa kuɗinsa bai kai rubu'in na wancan ba, kuma ana samunsa wurin masu sayar da kayan gini a manyan garuruwa. In ya lalace akwai mai gyara. A ganina, wanda zai fara, da wannan ya kamata ya fara. Turawa masu koyo da yawa ma da shi suke somawa.

Amma ka san aibinsa tun da wuri. Bakin faifan da ke sama da tebur bai fi inci ɗaya da ɗan wani abu ba, saboda haka in dutse ya fi haka sai ka riƙa mirgina shi a hankali, ka ci ta nan ka ci ta can. Yana gudu ƙwarai, wajen juyi 3,000 a minti ɗaya, yana kuma fesa ruwa har ya jiƙa maka riga. Faifan da yakan zo da shi mai kauri ne, yakan ɓantare gefen dutse, ya bar zane-zane waɗanda za ka daɗe kana gogewa. Ga dutsen da ka tsinta a rafi wannan ba kome ba ne. Ga dutse mai kuɗi kuwa hasara ce.

Faifai ya fi inji muhimmanci

Inji juyi kawai yake yi, faifai ke aiki. In kuɗinka kaɗan ne, ka sayi inji mai araha, ka ƙara abin da ya saura a kan faifai mai kyau.

Ka dubi bakinsa. Akwai mai tsage-tsage, wanda bakinsa ya rabu gida-gida. Na yankan kankare ne da bulo. Yana dukan dutse, yana farfasa shi, kuma tsagar tana iya kama yatsa. Kada ka saye shi. Ka nemi wanda bakinsa ya zagaye sumul ba tsaga, wanda aka rubuta a jikinsa cewa na aikin ruwa ne, na yankan tayil mai tauri ko gilashi. Irin wannan in yatsa ya ɗan shafe shi ba ya tsinke shi nan take kamar zarton katako, ko da yake yana ƙuje fata, yana kuma cin farce, don haka ba abin wasa ba ne.

Cikin masu baki sumul ɗin ma akwai bambanci. Wani an shafa masa daimon ne a waje kawai, shafi ɗaya. Yana da araha, yana ci da sauri ran farko, amma da shafin ya goge shi ke nan, sai yarwa. Wani kuwa an cuɗa daimon ɗin da garin ƙarfe an gasa, har bakin ya yi tudu kamar baƙin farce. Yana cinyewa sabon daimon yana fitowa daga ciki. Ya fi tsada, amma yakan ga bayan waɗancan da yawa. A nan ne maganar mutane ta tabbata, araha ba ta ado.

Abu biyu kuma ka duba. Na farko ramin tsakiya, don ba ɗaya suke ba, ka tafi da tsohon faifan kanti ka gwada. Na biyu lambar da aka rubuta ta iyakar juyin da faifan ke ɗauka. Faifai siriri ƙwarai, irin na masu duwatsu masu daraja, in ka ɗaura shi a injin da ya fi ƙarfinsa, ko ka tura dutse da ƙarfi, sai ya lanƙwashe. Faifan da ya lanƙwashe kuwa ya tashi daga aiki.

Ƙura

Wani zai ce, ai ga giranda ta hannu irin ta masu walda, ta fi duka araha, a sa mata faifan daimon a yanka. I, tana yankawa. Amma tana juyi fiye da 10,000 a minti, ba ta da tebur, ba ta da ruwa. Dutse ƙarami yakan kuɓuce ya tashi kamar harsashi. Abin da ya fi wannan muni kuwa shi ne ƙurar.

Ƙurar ƙanƙara da ta dutsen tsakiya tana da laushi har ido ba ya ganin mafi yawanta. In ta shiga huhu ba ta narkewa, tari kuma ba ya fid da ita. Huhun sai ya yi ta yin tabo yana ƙanƙancewa. Shekaru sukan wuce mutum bai ji kome ba, sa'an nan ya fara haki in ya hau tudu, daga baya ko yana zaune. Likita yana iya rage wahalar, amma babu maganin da ke mayar da huhun yadda yake. Mai wannan ciwo kuma tarin fuka yana saurin kama shi. A garin Kambat na ƙasar Indiya, inda aka yi ɗaruruwan shekaru ana yin tsakiya ana kai wa ƙasashen duniya, masu goge dutsen a bushe da yawa wannan ciwo ne ya kashe su, har da iyalansu da ke zaune kusa da wurin aikin.

Mu ma mun ga irin abin da ƙurar dutse ke yi. A cikin 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, mutane suka riƙa niƙa duwatsun zinariya a bushe a cikin gidaje. Ashe akwai dalma a ciki. Yara wajen 400 suka rasu. Ba kowane dutse ke da guba ba, amma da ido ba ka rarrabewa. Saboda haka kada ka yanka dutse a tsakar gida inda ake girki, inda yara ke rarrafe. Ka yi a waje, da ruwa. Ka sa tabarau mai kare ido, da takunkumi na masu aikin ƙura, don feshin ruwan ma yana ɗauke da garin. Ka toshe kunne da auduga in injin mai ƙara ne. Laka da ta taru a kaskon, ka kwashe ta tun tana ɗanya ka binne. In ta bushe ta koma ƙura ke nan. Ka wanke hannu kafin ka ci abinci.

Ruwa da lantarki kuma ba sa shiri. Kada wayar ta kwanta cikin ruwa, kada ka tsaya ba takalmi bisa jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ka sa mai aikin wuta ya haɗa maka makunnin nan da ke yanke wuta da kansa in ta soma bin jikin inji. Kuɗinsa kaɗan ne.

In na hannu za ka saya

Tsohon inji mai kyau ya fi sabo marar ƙwari. Amma kada ka biya sai an tayar da shi a gabanka. Kafin a kunna, ka kama faifan ka girgiza shi hagu da dama. In yana motsi, boris ya ci, ko sandar ta karkace. Ka juya shi da hannu kana kallon bakinsa, ka ga ko yana tafiya sak ko yana rawa. Ka leƙa kaskon, ko tsatsa ta huda shi. In an kunna, ka saurara. Gurnani da ƙarar ƙarfe alamar kashe kuɗi ce. Faifan da ke jiki kuwa ka ɗauka ya ƙare, ka sa kuɗin sabo cikin cinikin.

Ka karanta ɗan allon da ke manne a jikin injin. Ga amfanin karatu. Kayan Amurka an yi su don wuta mai lamba 110 ko 120, tamu kuwa a Nijeriya da Nijar 220 ce zuwa 230. In ka jona shi haka, nan da nan zai ƙone. Sai da taransifoma, ita ma kuɗi ce. Na Ingila da sauran ƙasashen Turai wutarsu ɗaya da tamu. In da janareto za ka yi aiki, ka tabbata ya fi ƙarfin injin da nisa, don inji yakan ja wuta da yawa a lokacin tashi.

Wanda ke ƙauyen da babu lantarki fa? Shi ma bai rasa ba. Ka fara gwada dutsenka da wuƙa. In ta karce shi, zarton ƙarfe na makanikai zai yanka shi, kana jiƙawa da ruwa. In ba ta karce ba, akwai wata 'yar sanda mai yashi mai tauri a jiki, wadda ake ɗaurawa a bakan zarton ƙarfe maimakon bakinsa. Tana cin tayil da kwalba da dutse, sai dai a hankali ƙwarai. Kada ka raina aikin hannu. A da maƙeran lantana na Ilori sun cika kasuwanni da jan dutsen ado, wanda fatake Hausawa suka riƙa kawo musu ɗanyensa daga arewa, ba su da inji ko ɗaya. Da ɗan tsinken ƙarfe suke hudawa, da dutsen guga da ruwa suke gyarawa.

Yadda za ka sa shi ya daɗe

Ka cika kaskon har bakin faifan ya nutse kaɗan. Ƙaramin zarto ruwa ya ishe shi. Kada ka zuba kananzir ko man gas ko baƙin mai na mota, suna cutar da fata da huhu, waɗansu kuma suna kama wuta. Man gyaɗa ma bai yi ba, yakan yi danƙo ya yi wari.

Ka riƙe dutsen da hannu biyu, ka kwantar da shi sosai bisa tebur, ka tura a hankali, miƙe. Ka bar faifan ya ci da kansa. In ka ga tartsatsi da yawa, ko ka ji injin yana nishi, ka matsa masa ne, ko ruwa ya yi ƙasa. In ka kusa ƙarshen yanka ka ƙara sassautawa, don a nan dutse ke ɓallewa. Wata rana za ka ga faifan ya daina ci, alhali bakinsa da saura. Bai mutu ba. Ƙarfe ne ya lulluɓe daimon ɗin. Ka yanka jan bulo gasasshe ko gutsuren tsohon dutsen washi sau biyu ko uku, sai ya farfaɗo. In ka gama aiki ka zubar da ruwan, ka share faifan ya bushe, in ba haka ba tsatsa ta riga dutse cinye shi.

Akwai duwatsun da bai kamata a kai su bakin wannan zarto ba. Ƙasarmu tana da duwatsu masu daraja, a wajen Jos da Nasarawa da kudancin Kaduna, ga kuma yaƙutu a tsaunin Mambila. In ka tsinci dutse garai-garai kamar kwalba, shuɗi ko kore ko ja, kada ka yanka, ka nuna wa wanda ya sani tukuna. Faifan tayil zai iya mayar da rabin kuɗinsa laka. Ka kuma sani tsinta daban, haƙa daban. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce abin da ke cikin ƙasa yana hannun Gwamnatin Tarayya, mai son haƙa sai da lasin. Haka kuma ɗan sumul ɗin dutsen nan da ake kira gatarin aradu. Gatari ne na mutanen da, da hannu suka goge shi tun ba a san ƙarfe ba. Wurinsa gidan ajiye kayan tarihi, irin na Jos da aka buɗe a 1952.

In kuwa sha'awar ta kama ku ku da yawa a aji ɗaya, ku yi yadda jam'iyyun Amurka ke yi. Sukan haɗa kuɗi su sayi babban zarto guda, a ajiye a ɗakin jam'iyya, kowa ya zo da dutsensa ran da aka sa masa. Ku ma sai ku yi adashi, ku naɗa mutum ɗaya mai riƙon inji. Ku sayi littafi, duk wanda ya yanka dutse ya rubuta sunansa da ranar, ya ajiye ɗan abin da aka yanka masa, a tara na sayen sabon faifai.